Bilicin ɗin haƙori a wurin likita: tambayoyi da amsoshi kan illolinsa

Masu zuwa asibitin haƙori neman farin haƙora sun fi yawa gab da biki ko salla. Tambayarsu ta farko ita ce kuɗin aikin, ta biyu kuma yawan hasken da za a samu. Tambayar illa takan zo ne daga baya, da dare, lokacin da haƙori ya fara harbawa. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi bilicin ɗin da likita yake yi da hannunsa a kan kujerar asibiti, wanda maganinsa ya ninka na gida ƙarfi sau da yawa. Yawancin illolinsa masu wucewa ne. Waɗanda ba sa wucewa kuwa kusan duka suna da tushe ɗaya: an shafa magani a bakin da ba a duba shi da kyau ba tun farko.

Wane magani ake shafa wa haƙoran, kuma yaya yake sa su haske?

Haidirojin feroksaid ne, wato dangin ruwan nan da ake wanke rauni da shi yana kumfa. Bambancin yana wurin ƙarfi. Na wanke rauni kashi 3 zuwa 6 ne cikin ɗari, na bilicin a asibiti kuwa yakan kai kashi 25 zuwa 40, an haɗa shi ya yi kauri kamar man shafawa don ya zauna inda aka sa shi. Maganin da ake kira Philips Zoom, misali, kashi 25 ne, Opalescence Boost kuma kashi 40. Wanda ake ba mutum ya tafi da shi gida galibi kabamaid feroksaid ne, kuma kashi 10 nasa daidai yake da kusan kashi 3.5 na haidirojin feroksaid. Ke nan na asibiti yana iya ninka na gida sau goma.

Haƙori hawa uku ne. Akwai ɓawon waje mai tsananin tauri, wato inamel. Ƙarƙashinsa akwai dentin, mai launin rawaya-rawaya, cike da ƙananan hanyoyi kamar bututu waɗanda ido ba ya gani. A can tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, inda jijiyoyin ji da na jini suke. Maganin ba ya tsayawa a saman haƙori. Ratsawa yake yi ta inamel ya shiga dentin, ya farfasa ƙwayoyin launin da suka zauna a ciki. Wannan ratsawar ita ce amfaninsa, ita ce kuma asalin kusan duk zafin da ake ji, domin cikin minti 5 zuwa 15 wani ɓangarensa yakan isa ɓargo.

Ba shi ne wankin haƙori ba?

A'a. Wankin haƙori kankare daskararriyar dauɗa ne da tabon da ke manne a waje, irin na goro, shayi, kofi da taba. Ba ya canza launin haƙorin kansa. Mutane da yawa masu cin goro da suke zaton bilicin suke bukata, wanki kaɗai ya ishe su, kuma ya fi arha, ya fi sauƙin illa. Ko da za a yi bilicin, sai an fara yin wankin, a bar dasashi ya huta na 'yan kwanaki, domin dasashin da yake fitar da jini ba ya riƙe abin kariyar da za a ɗora masa.

Yaya aikin yake tafiya idan an yi shi daidai?

Likita zai fara duba haƙora ɗaya bayan ɗaya: kogo, tsagewa, tsohon cikon da ya fara yoyo, dasashin da ya janye ya bar saiwa a fili. Haƙorin da ake shakkarsa akan ɗauki hotonsa. Sai a gwada launin haƙoran da allon launuka, yawanci na VITA mai launi 16, a rubuta, a ɗauki hoto, don a samu abin kwatantawa daga baya.

Ranar aikin, a sa abin buɗe baki wanda zai nisanta leɓe da kumatu daga haƙora, a shafa wa leɓe mai, a sa wa mutum tabarau na kariya, a cusa auduga. Daga nan sai a zo ga matakin da ya fi kowanne muhimmanci: a busar da dasashi, a zana masa wata roba mai ruwa-ruwa a bakin kowane haƙori, tsayin milimita 4 zuwa 6, ta hau kan haƙorin da kamar rabin milimita, ta toshe tsakanin haƙora, sannan a daskarar da ita da shuɗiyar fitila. Likita mai kula zai bi ta da madubi ya tabbatar babu ƙofar da ta rage. Sai a shafa maganin da kaurin rabin milimita zuwa milimita ɗaya, a bar shi minti 15 zuwa 20, a tsotse shi da injin tsotsa kafin a zuba ruwa, a sake shafa sabo. Akan yi zagaye biyu zuwa huɗu, gwargwadon irin maganin da kuma yadda mutum yake jurewa. Duk aikin yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi.

Idan aka ga an zaunar da mutum an fara shafa magani cikin minti biyar da shigarsa, to an tsallake abin da ke kare shi.

Me ya sa haƙora suke tsami da harbawa bayan an gama?

Wannan ita ce illar da ta fi yawa, kuma fiye da rabin waɗanda aka yi wa bilicin mai ƙarfi suna jin ta, kaɗan ko da yawa. Kala biyu ce. Akwai tsami irin wanda ake ji idan ruwan sanyi ko iska ta taɓa haƙori. Akwai kuma harbi na farat ɗaya, kamar an tsira allura ko lantarki ya ja, wanda yake zuwa ba tare da an ci ko an sha komai ba, ya yi daƙiƙa kaɗan ya tafi, can ya dawo a wani haƙorin. Wannan na biyun shi ne ke tsorata mutane, domin ba su san ta inda zai ɓullo ba.

Dalilinsa shi ne feroksaid ɗin da ya isa ɓargo ya tayar da ɗan kumburi a ciki. Ɓargo yana cikin ɗaki mai bango mai tauri, ba shi da wurin buɗawa, don haka ƙaramin kumburi ma yana matsa jijiya. A lafiyayyen haƙori jiki yana da sinadaran da suke karya feroksaid su mai da shi ruwa da iskar oksijin, jini ya kwashe sauran, kumburin ya sauka da kansa.

Zafin yakan fara tun ana kan kujera ko awanni kaɗan bayan an tashi, ya fi tsanani a daren farko, ya lafa cikin awa 24 zuwa 48. A wasu ya kai kwana huɗu ko biyar. Haƙoran gaba na ƙasa su ne suka fi shan wahala, saboda su ne mafi ƙanƙanta kuma tazarar da ke tsakanin wajensu da ɓargonsu gajera ce. Fiƙoƙi da turame sun fi jurewa.

Wanda aka yi wa aikin lokacin hunturu zai fi jin jiki: iskar safe a kan babur, da ruwan alwalar asuba da ya kwana a buta, duk suna tayar da shi. A sirka ruwan da ɗumi, a kuma riƙa numfashi ta hanci idan an fita.

Su wa suka fi fuskantar wannan zafin, kuma ana iya rage shi?

Wanda dama haƙoransa suna tsami da ruwan sanyi. Wanda dasashinsa ya janye, domin saiwa ba ta da inamel, dentin ne kusan a fili. Wanda ya cinye wuyan haƙoransa da goga mai ƙarfi, ko da buroshi mai tauri, ko da gawayi da toka. Mai cizon haƙora cikin barci, saboda ƙananan tsagar da ke jikin inamel ɗinsa. Mai yawan shan lemon kwalba ko tsotsar lemon tsami, da mai fama da dawowar ruwan ciki mai tsami zuwa baki. Sai matasa, waɗanda ɗakin ɓargonsu yake da faɗi tukuna.

Abin da ya fi taimakawa shi ne a fara amfani da man goge baki mai fotashiyam naitiret, sinadarin da ke kwantar da jijiyar haƙori, kashi 5 cikin ɗari, safe da dare, mako biyu kafin ranar aikin, a ci gaba da shi mako ɗaya ko biyu bayansa. Bayan gogewa a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa. A asibiti likita yana iya shafa man da ya haɗa fotashiyam naitiret da fulorayid na minti 10 kafin ya fara. Yana iya rufe wuyan haƙoran da suka cinye da robar kariya, ya rage ƙarfin maganin, ya taƙaita lokacin, ko ya tsaya a zagaye biyu. Idan harbi ya fara ana cikin aiki, a ɗaga hannu a faɗa. Daurewa ba ta ƙara haske da yawa, amma tana ƙara zafin dare.

Farasitamol ko ibufurofen suna rage raɗaɗin bayan an gama. Shan ibufurofen tun kafin a fara ba ya hana zafin zuwa, ɗan jinkirta shi kawai yake yi. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kada ya sha ibufurofen sai ya tambayi likita. Saboda wannan ne ma muke ganin bai dace a yi aikin da rana cikin azumi ba: baki a bushe, yawu ya ragu, ga shi ba damar shan magani sai an sha ruwa.

Dasashina ya yi fari fat a wani wuri, yana zafi. Ya ƙone ne?

E, ƙunar magani ce. Tana faruwa idan feroksaid ya sami ƙofa a ƙarƙashin robar kariya, ko ya zubo a leɓe ko harshe. Wurin yakan yi fari nan take, da zugi kamar an sa barkono. Idan aka lura da wuri aka tsotse maganin, aka wanke da ruwa mai yawa, farin yakan baje cikin minti kaɗan zuwa awanni, dasashi ya koma yadda yake. Likitoci sukan shafa man bitamin E a wurin. Idan maganin ya daɗe a kai, saman fatar yana iya saɓulewa ya zama ɗan gyambo, wanda yakan warke cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. A wannan lokacin a guji yaji, abu mai zafi da mai tsami, a riƙa kurkure baki da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri.

Ƙaiƙayi ko zafi a dasashi ana tsakiyar aiki alama ce ta yoyo. Ba abin da za a jira ƙarshen minti 15 ba ne.

Bilicin yana cinye inamel?

Idan maganin ingantacce ne kuma an bi ƙa'idar lokacinsa, ba ya kankare inamel. Gwajin da ake yi a kan haƙoran da aka cire yana nuna saman inamel yana ɗan rage tauri, ya ɗan yi kaushi, amma a cikin baki yawu yana mayar da sinadaran kalsiyam da fosfet ɗin da aka rasa cikin kwanaki, fulorayid kuma yana hanzarta hakan.

Haɗarin yana wurin tsamin maganin da kuma maimaitawa. Inamel yana fara narkewa idan ma'aunin tsami na pH ya sauka ƙasa da 5.5. Wasu magungunan masu arha ana sa musu tsami don su daɗe a shago ba su lalace ba, wasu kuma ba feroksaid ba ne ma, sinadarin kulorin ne da asid, waɗanda suke cin saman haƙori su bar shi da kaushi, ya rasa sheƙinsa, ya riƙa kama tabo fiye da da. Inamel ba ya tsirowa. Abin da ya tafi ya tafi.

Fitila ko leza da ake haskawa tana ƙara haɗari?

Binciken da aka tattara bai nuna cewa fitila tana ƙara hasken da zai ɗore ba idan maganin mai ƙarfi ne. Abin da take yi shi ne ɗumama maganin da busar da haƙori, sai ya fito fari tas a ranar. Zafi kuwa abokin gabar ɓargo ne. Tun 1965 gwajin da masu bincike Zach da Cohen suka yi a kan haƙoran birai ya nuna cewa ƙarin zafi na digiri 5.5 a ma'aunin Salshiyas a cikin ɓargo ya kashe shi a kashi 15 cikin ɗari na haƙoran. Fitilun LED na yanzu ba sa zafi kamar na da, amma duk da haka ba su zama dole ba, kuma wasu magungunan ba sa bukatarsu sam. Idan za a yi amfani da fitila, dole a rufe ido da leɓe, kuma a sanar da likita idan ana shan maganin da ke sa fata saurin ƙonewa da haske, irin su doksisaikilin da wasu magungunan ƙurajen fuska.

Ina da ciko da hular haƙori a gaba. Me zai same su?

Ba za su canza launi ba. Farin ciko, hular tangaran, haƙorin roba, duk za su tsaya yadda suke, haƙoran da ke kewaye su yi haske su bar su. Cikon da dā ba a gane shi sai ya fito fili, ya zama kamar faci a sabuwar riga. Don haka mai ciko a haƙoran gaba ya sa kuɗin sauya shi cikin lissafi tun farko.

Sauyawar kuma ba a ranar ake yi ba. Bayan bilicin akwai sauran oksijin a jikin haƙori wanda yake hana gam ɗin farin ciko kamawa da kyau. Sai an jira mako biyu, lokacin da oksijin ya fita kuma launi ya tsaya, sannan a zaɓi launin sabon cikon. Wanda aka yi wa ciko a ranar yana iya ganin gefensa ya yi baƙi ko ya faɗi da wuri.

Tsohon cikon da ya buɗe a gefe ya fi wannan haɗari, domin hanya ce kai tsaye zuwa cikin haƙori. Haka haƙorin Makka da aka sa shi ba tare da ya zauna daram a wuyan haƙori ba: zinaren ba abin da zai same shi, amma abin da ke ƙarƙashinsa yana iya zama ruɓaɓɓe ba a sani ba. Ciko mai launin azurfa kuma feroksaid yana sa shi sakin ɗan sinadarin makuri fiye da yadda ya saba, shi ya sa ake rufe shi idan magani zai kai wurin.

Bayan an gama na ga fararen ɗigo-ɗigo a haƙorana. Daga ina?

Yawanci dama suna nan, bushewa ce ta fito da su. Wuraren da inamel bai ginu daidai ba sun fi saurin bushewa da saurin haske, sai haƙori ya yi dabbare-dabbare. Cikin kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, idan haƙori ya sake shan ruwa daga yawu, bambancin yakan ragu sosai.

Wannan ya fi shafar waɗanda suka taso da ruwan da fulorayid ya yi wa yawa, sama da miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade. An san wannan matsala a yankin Kaltungo a jihar Gombe, da Langtang a Filato, da Tibiri kusa da Maraɗi. Haƙoransu kan zo da farin zane kamar alli, da tabo ruwan ƙasa, wani lokaci da ƙananan ramuka. Bilicin yana rage tabon mai launin ruwan ƙasa, amma ba ya share farin, sai dai ya haskaka kewayensa har bambancin ya ragu. Sau da yawa sai an haɗa da goge saman inamel kaɗan, ko cusa wani ruwan roba a cikin tabon, ko rufe fuskar haƙorin gaba ɗaya. Mai irin wannan haƙori da aka yi wa alkawarin fari sumul a zama ɗaya, ba a gaya masa gaskiya ba.

Haka tabon tetirasaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, mai launin toka ko ruwan ƙasa a kwance kamar ɗamara, wanda ke samun wanda ya sha maganin yana ƙasa da shekara 8 ko mahaifiyarsa ta sha tana da cikinsa. Yana can cikin dentin, kuma abin da yake motsa shi shi ne magani mai sauƙi a gida na tsawon watanni. Ƙara ƙarfin magani a asibiti don a ci ƙarfinsa zafi kawai yake ƙarawa.

Me ya sa hasken ya ragu bayan kwana uku?

Wani ɓangare na farin da aka gani a madubin asibiti bushewa ce. Haƙorin da ya yi awa ɗaya baki buɗe, ba yawu, yakan yi fari kamar alli ko ba a shafa masa komai ba. Launin gaskiya sai bayan kamar mako biyu ake saninsa. Shi ya sa zama ɗaya ba ya isar mutane da yawa, akan ƙara na biyu bayan mako guda, ko a ci gaba da maganin gida. Amarya ko angon da ke son yi saboda biki su yi shi mako biyu zuwa uku kafin ranar, don zafi da dabbare-dabbaren su wuce.

Fiƙoƙi kullum sun fi sauran haƙora rawaya, wuyan haƙori ya fi bakinsa duhu, saiwar da ta fito kuma da wuya ta yi haske. Wannan halitta ce.

Haƙori ɗaya ne ya yi duhu bayan na buge shi. Wannan bilicin zai gyara shi?

Haƙori ɗaya mai duhu sai an fara gano ko yana da rai. Idan ɓargonsa ya mutu, magani yake bukata, a cire mataccen ɓargon a cike saiwar, domin shafa masa bilicin a waje rufe ciwo ne kawai. Bayan an yi wannan ana iya haskaka shi daga ciki: a buɗe bayansa, a sa maganin a ɗakin ɓargo, a rufe, a sauya duk bayan kwana 3 zuwa 7.

Wannan hanya tana da haɗari nata na daban, wanda ba ya yawan faruwa amma yana iya cin haƙorin. Idan feroksaid ya bi hanyoyin dentin ya fita ta wuyan saiwa, jiki yana iya fara cinye saiwar daga waje, a hankali, ba zafi, sai bayan watanni ko shekaru a gani a hoto. An fi ganin haka a inda aka yi amfani da feroksaid kashi 30 aka kuma ɗumama shi da zafi, da kuma a haƙoran da suka taɓa buguwa. Kariyarsa ita ce a toshe bakin saiwar da siminti na haƙori mai kaurin kamar milimita 2 kafin a sa magani, a guji zafi, a yi amfani da magani mai sauƙi, sannan a riƙa ɗaukar hoton haƙorin lokaci-lokaci.

Su wa bai kamata a yi wa ba?

Mai ciki da mai shayarwa su dakata, aikin ado ne, yana iya jira. 'Yan ƙasa da shekara 18. Mai kogon da ba a cike ba, mai ciwon dasashi, mai gyambo a baki ko ƙurjin zazzaɓi a leɓe, sai an warke. Wanda haƙoransa ke tsami sosai tun kafin a taɓa su. Wanda jikinsa ba ya karɓar feroksaid ko robar da ake amfani da ita. Mai ciwon mahaɗin muƙamuƙi ya faɗa tun farko, domin awa guda baki buɗe yana tayar da shi, sai a riƙa ba shi hutu.

Idan na haɗiye maganin fa? Kuma gaskiya ne yana jawo daji?

Da injin tsotsa da auduga, abin da ke kai wa maƙogwaro kaɗan ne ƙwarai. Idan ya kai, yana sa kaushin maƙogwaro, tashin zuciya ko kumburin ciki na ɗan lokaci. Shiga ido ya fi wannan haɗari, shi ya sa tabarau ba ado ba ne.

Game da ciwon daji, hukumar binciken daji ta duniya, IARC, ba ta sa haidirojin feroksaid cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo shi ga ɗan Adam ba. Duk da haka, mai shan taba ko giya sosai, ko mai wani farin tabo ko gyambo a baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, a fara bincikar wannan kafin a yi maganar ado.

Gaskiya ne a Turai ba a yarda da mai ƙarfin ba?

Dokar Tarayyar Turai ta 2011, wadda ta fara aiki a Oktoban 2012, ta ce duk maganin da ya wuce kashi 0.1 na haidirojin feroksaid likitan haƙori kaɗai za a sayar wa, kuma don ado ba a wuce kashi 6, ba a kuma yi wa ɗan ƙasa da shekara 18. Birtaniya ma a kan haka take. A Amurka kuwa likitoci suna amfani da kashi 25 zuwa 40. Abin lura a nan shi ne, mai sauƙin ma yana kai haƙori ga haske kusan iri ɗaya, lokaci kawai yake ɗauka. Abin da mai ƙarfin yake sayarwa shi ne sauri, kuma tsamin haƙori ne farashinsa. Wanda ba ya gaggawa, faranti na roba da aka auna da bakinsa tare da kabamaid kashi 10 na mako biyu zuwa uku ya fi masa sauƙi.

A shagon kwalliya ma ana yi, kuma ya fi arha. Mene ne bambancin?

Mai shago ba zai iya gane kogon da ke tsakanin haƙora ba, ko mataccen haƙori, ko tsaga, ba shi da injin ɗaukar hoto, ba shi da injin tsotsa mai ƙarfi, kuma idan abu ya ɓaci ba shi da abin yi. Feroksaid mai ƙarfi da ya faɗa cikin kogo mai zurfi yana iya kai haƙori ga cire ɓargo. Ga batun tsabtar kayan da ake sa wa a bakin wannan a sa a bakin wancan. A Ingila babbar kotu ta yanke hukunci a 2013 cewa bilicin ɗin haƙori aikin likitancin haƙori ne, wanda ba shi da rajista ya yi shi ya karya doka. A Najeriya likitocin haƙori suna da rajista da MDCN, hukumar da ke kula da likitoci da likitocin haƙori ta ƙasa, kuma ba laifi ba ne a tambaya. A nemi ganin kwalin maganin: sunansa, ƙarfinsa, ranar lalacewarsa. Yawancin irin waɗannan magunguna a firji ake ajiye su, zafi yana kashe ƙarfinsu.

Me zan ci, me zan bari bayan an gama?

Na awa 24 zuwa 48 a bar goro, taba, zoɓo, baƙin shayi, kofi, lemon kwalba da miya mai manja ko kori da yawa. A bar mai sanyi ƙarara da mai zafi sosai da mai tsami, saboda tsamin haƙori. Farar shinkafa, doya, madara, ƙwai, kifi, kaza, duk babu laifi. A goge baki da buroshi mai laushi, a hankali. Wanda zai koma cin goro ko shan taba kullum ya san haskensa ba zai wuce watanni ba, alhali a wasu yakan kai shekara biyu ko uku.

Sau nawa za a iya maimaitawa?

Tsakanin zama da zama a bar aƙalla mako ɗaya, kuma kada a koma sai zafin farko ya tafi gaba ɗaya. Bayan an kammala, cikakken bilicin mai ƙarfi bai kamata ya wuce sau ɗaya a shekara ba, ɗan ƙarin da ake bukata a tsakani a yi shi da maganin gida na kwana biyu ko uku. Kowane haƙori yana da iyakar hasken da zai kai. Wanda ya ci gaba da matsawa bayan nan, bakin haƙoransa yakan fara zama garai-garai kamar gilashi, da launin toka ko shuɗi-shuɗi, ga tsamin da ya ƙi tafiya. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Wace alama ce za ta sa in koma wurin likita ba tare da jira ba?

Zafin da ya wuce mako ɗaya, ko wanda yake ƙaruwa maimakon raguwa bayan kwana biyu. Zafin da ya tattara a haƙori ɗaya, mai bugawa kamar zuciya, mai hana barci, ko wanda abu mai zafi ke tayarwa ya daɗe bai lafa ba, domin wannan yana nuna ɓargon haƙorin ya kumbura fiye da yadda zai sauka da kansa. Zafi idan an tauna. Haƙorin da ya fara yin duhu a makonnin da suka biyo baya. Gyambon dasashi da bai warke ba bayan kwana goma, ko ruwa ko jini da ke fita daga gefen haƙori. Kumburin leɓe, harshe ko fuska, ƙaiƙayin jiki ko wahalar numfashi kuwa ba na jiran safiya ba ne, a tafi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, a kuma tafi da sunan maganin da aka shafa.